Uwargida, Kwamfutar Gidanki Yau Ta Tashi, Gobe Ta Ƙi?

Tun shekarar 2015 da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta, gidaje da dama suka sayo ta domin yara su saba, sau da yawa ma ta hannu ce. A hankali sai ta zama ma'ajiyar hotunan biki da suna, da lissafin sana'arki, da aikin makarantar yara. Kwatsam sai ta fara wani hali: yau ta tashi lafiya lau, gobe a danna ta yi shiru.

To 'yar'uwa, kada ki ce ai ta saba. Kwamfutar da ke haka gargaɗi take yi miki. Duk ranar da Allah Ya sa ta tashi, aikinki na farko shi ne ki kwashe muhimman abubuwanki ki zuba a filas ko wata ma'ajiya ta waje. Inji ana iya sake wani, amma hoton mahaifiyar da ta rasu ba a sayensa a kasuwa.

Bayan nan sai ki zuba ido. Ki sami ɗan littafi ki riƙa rubuta lokacin da ta ƙi tashi, wutar NEPA ce ko ta janareto, da kuma abin da ta yi.

Idan babu fitila, babu ƙarar fanka, ki fara zargin wuta. Wutar gidajenmu kamata ya yi ta kai kimanin bolt 230, amma kin san yadda take zuwa dishi-dishi. Ki canja soket, ki cire ta daga doguwar wayar nan da ake jona firiji da dutsen guga, ki duba ko filogin yana rawa. Sannan ki zare wayar wutar, ki danne madannin kunnawa na daƙiƙa 30, ki mayar ki gwada. Idan ta tafi-da-gidanka ce mai batirin da ake cirewa, ki cire shi ki gwada ta da caja kaɗai.

Idan fanka na juyawa amma allo ya yi baƙi, ko kina jin tana ƙara ƙit-ƙit, ki fara duba wayar da ta haɗa ta da allon. In lafiyarta lau, to sau da yawa ƙura ce, musamman bayan hunturu. Akwai wani ɗan siririn falle a ciki da ake kira ram, wanda idan ƙura ta shiga mazauninsa ko ya ɗan saki, sai kwamfutar ta riƙa tashi ran da ta ga dama. Wanda ya san hannu zai kashe wuta, ya zare shi, ya share wurin, ya mayar har ya ji ya kama.

Idan kuma kin lura agogonta da kwanan wata suna komawa baya duk sanda aka ɗauke wuta, to ƙaramin batirin cikinta ne ya mutu. Kamar kwabo yake, lambarsa CR2032, ƙarfinsa bolt 3, kuma masu gyaran agogo ma suna sayar da shi. Kafin ki tayar da hankali, ki duba ko yara sun bar filas a jiki, domin wani lokaci kwamfutar kan nemi tashi daga gare shi ta rasa.

Alamar da ta fi hatsari ita ce ƙarar ƙwas-ƙwas daga ciki, tare da nauyi wajen buɗe abu. Wannan na iya nufin rumbun ajiyarta ya kusa mutuwa, kuma yawan kunnawa da kashewa ƙara masa ciwo yake yi. Haka nan idan kin ji ƙaurin ƙuna, ki zare ta nan take.

Hattara uwargida, kada ke ko yaranki ku buɗe akwatin ƙarfen nan da wayar wuta ke shiga cikinsa. Yana riƙe wuta mai iya illa ko bayan an zare shi daga bango.

Idan abin ya kai ga mai gyara, ki ba maigida ko yaronki littafin nan ya tafi da shi, domin cutar da ke zuwa tana tafiya takan ɓuya a gaban likita. A kuma jaddada masa cewa kada ya yi fomatin sai an kwashe kayanki. Hotunanki na cikin gida da ba ki son idon bare ya gani, ki ɗauke su tun kafin ta bar gidan.

Rigakafi dai ya fi magani. Ki tanadi sitabilaiza ko UPS, ki ɗaga kwamfutar daga kan kafet, ki rufe ta da ƙyalle bayan ta huce, ki kuma koya wa yara su kashe ta yadda ya dace maimakon fizge waya. Allah Ya yi wa zuri'armu albarka, amin.