Me ya sa Turkawa ke shirya bukukuwan fina-finansu a ƙasashen waje?

Daga Tamanrasset ta Aljeriya zuwa Kano, masu kallo sun fi sanin Turkiyya da wasannin talabijin masu dogon zango irin su Diriliş: Ertuğrul, wanda tashar TRT ta nuna daga 2014 zuwa 2019. Amma akwai fina-finan silima na ƙasar da ba kasafai ake haska su a talabijin ba, sai dai a bukukuwan fina-finai.

Galibi Turkawa mazauna ƙetare ne ke shirya waɗannan bukukuwa. Yarjejeniyar ɗaukar ma'aikata ta 1961 ce ta kai ɗimbin Turkawa Jamus, shi ya sa birnin Nuremberg ke da bikin da ya faro tun 1992. Akwai irinsa a Boston ta Amurka. Manufar ita ce yaran da aka haifa a can su ji harshen iyayensu, maƙwabta kuma su ga rayuwar Turkiyya ta yau.

Abin nunawa kuwa akwai shi. Fim ɗin Yol ya ci babbar kyautar bikin Cannes na Faransa a 1982, sai Nuri Bilge Ceylan ya sake kai ta gida a 2014 da Kış Uykusu. 

Hausawa mazauna Aljeriya, Sudan da Saudiyya suna da yawan da za su iya shirya wa fina-finan Kannywood irin wannan biki. Ya kamata ƙungiyoyinsu su duba wannan hanya.