Ruwan Yuni da Ƙasar Lambu a Agege: Ina Gaskiya, Ina Jita-jita?

Da zarar ruwan Mayu ya kankama a Legas, sai shawarwari su yi yawa a majalisun Zangon Agege da cikin saƙonnin murya na WhatsApp. Wannan ya ce a zuba yashi, wancan ya ce a ninka taki, wani kuma ya rantse cewa tana ce ke cinye saiwar alayyafo. Masu faɗa ba maƙaryata ba ne. Yawancinsu 'ya'yan manoma ne, wasu sun yi shekaru suna lambu a Kura ko Kadawa ko bakin gulbin Rima kafin neman abinci ya kawo su kudu. Sai dai ilimin da suka zo da shi na tattalin ruwa ne, domin a can ruwa ne ke ƙaranci. A nan kuwa, daga Afrilu zuwa Yuli, babban aikin mai lambu shi ne korar ruwa.

Legas na samun ruwan da ya kai milimita 1,500 ko fiye a shekara, kusan ninki biyu na abin da Kano ta saba samu. Ba yawan kaɗai ne bambancin ba. Daminar Kano wata huɗu ce, rana na fitowa da ƙarfi tsakanin ruwa da ruwa, jigawa kuma ta tsotse abin da ya zubo. Ta Legas tana somawa tun ƙarshen Maris, ta yi tsanani a Yuni da farkon Yuli, ta ɗan lafa a Agusta, sannan ta dawo a Satumba da Oktoba. Hadari kan rufe sama kwana da kwanaki, iska cike da laima, ƙasa ba ta samun sararin tsanewa. Ga siminti da kwalta sun rufe ko'ina, ruwan rufin unguwa duka sai ya gangaro ɗan filin da ya rage, wanda sau da yawa shi ne lambun. Wanda ya ga ruwan ranar 10 ga Yuli, 2011, da ya wuni yana zuba har ya mamaye unguwanni da dama, ciki har da sassan Agege, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Maganar da ta fi kowace ɓarna ita ce: "Malam, ƙasa ai ƙasa ce, yadda muke yin fangali a gida haka za a yi a nan." Kuskure ne. Fangalin noman rani kwari ne da aka kewaye da ɗan tudu don ya riƙe ruwan da aka ba shuka. A watan Janairu yana iya yin aiki a Legas. A Yuni ruwa ne zai kwanta a cikinsa. Ƙasa mai lafiya kusan rabinta ƙananan kafofi ne da ruwa da iska ke rabawa, saiwa kuma numfashi take yi. Idan ruwa ya cike kafofin nan, kwana biyu zuwa uku sun isa saiwar tumatir ko tattasai ta fara ruɓewa. Abin da ke rikita mutane shi ne shukar kan yi yaushi alhali tana tsaye cikin ruwa, domin saiwar da ta shaƙe ba ta iya tsotso. Har akwai mai ganin haka ya ɗauko bokiti ya ƙara mata.

Gyaran shi ne a juya fangalin ya koma tudu. A ɗaga shi santimita 20 zuwa 30, faɗinsa kada ya wuce mita ɗaya yadda hannu zai kai tsakiya ba sai an taka ba, a bar lambatu tsakanin tudu da tudu mai gangarawa inda ruwa zai fice. Lambatun da ba shi da mafita wahalar banza ce. Haka tsofaffin masu lambu na wajejen Ojo da Iyana-Iba ke tsara nasu. Wanda ke musun cewa filinsa na riƙe ruwa, gani ya kori ji: ya haƙa rami mai zurfin santimita 30, ya cika da ruwa, ya bari ya tsane, ya sake cikawa. In washegari da sauran ruwa a ciki, an gama gardama.

Ana kuma cewa bayan ruwa ne lokacin kaftu, tunda ƙasa ta yi laushi fartanya na shiga ba wahala. Rabin gaskiya ke nan. A ƙasa mai rairayi irin ta Ojo, sa'o'i kaɗan bayan ruwa ana iya aiki. Jar ƙasa mai yumɓu da ake samu a yankin Agege da Ikeja kuwa, in aka kafta ta tana sharkaf, kafofin iskar nan ne ake toshewa da fartanya da tafin ƙafa, ta bushe ta zama hoge mai tauri da zai daɗe bai narke ba. A damƙi ƙasa a dunƙule a hannu, a taɓa da yatsa. In ta wargaje, bismillah. In ta tsaya a dunƙule tana ƙyalli, ko ta shafe a tafin hannu, a ajiye fartanya zuwa gobe ko jibi.

Zancen yashi kuma ƙarya ce mai kama da gaskiya. Buhu biyu ko uku na yashi a kan yumɓu ba ya buɗe ƙasa, ƙwayoyin yumɓun ne ke cike tsakanin na yashin, abin ya fito kamar kwaɓin tubali. Kafin yashi ya sauya halin ƙasa sai ya kai kusan rabinta, kuma kowa ya san kuɗin tifa a Legas. Ruɓaɓɓen taki da ruɓaɓɓen ganye su ne ke yin wannan aiki.

Sai batun takin zamani, inda kuɗin mutane ya fi salwanta. Ganye ya yi ɗorawa bayan mako guda na ruwa, sai maƙwabci ya ce: "Yunwa yake ji, ƙara masa yuriya." Gaskiya ne ruwa mai yawa na wanke sinadarin naitirojin ya nutsar da shi inda saiwa ba ta kaiwa. A ƙasar da ruwa ya kwanta ma, wasu ƙwayoyin halitta kan mayar da shi iska ya tashi. To amma shukar da saiwarta ta shaƙe ba ta iya cin komai. Yuriya, wadda kashi 46 cikin ɗari nata naitirojin ne, narkewa take nan take, ruwa na gaba kuma ya kwashe ta zuwa kwata. A fara fitar da ruwa, a jira ƙasa ta tsane, shuka ta nuna sabon tofo. Sannan a ba ta kaɗan, a tona a binne a gefe ba a watsa a sama ba, a raba abin da aka yi niyyar sawa sau biyu ko uku. Kamfa ma haka, kada a juye shi gaba ɗaya ranar shuka ana tsakiyar ruwan Yuni.

Akwai wadda ta fi ba ni tsoro: wai ruwan ambaliya taki ne. A fadamun Haɗeja da Nguru ko na Rima, haka ne, kogi na cika ya ja baya ya bar laka mai albarka, kaka da kakanni sun ci abinci da ita. Ambaliyar Agege ba daga kogi take zuwa ba. Daga kwata take, ta biyo ta masai da sokawe da suka tumbatsa, ta ɗebo baƙin man garejin makanikai da ruwan bola. Legas ta yi fama da ɓarkewar kwalara a Yunin 2024, ana tsakiyar damina. Latas ko lawashin da irin wannan ruwa ya shanye, wanda ɗanye ake ci a kwaɗo ko a gefen tsire, ba na sayarwa ba ne, ba na ci ba ne, kuma ɗauraya ba ta isa. Asara ce, amma a tumɓuke. A bar ƙasar ta bushe ta sha rana makonni kafin a sake shuka, a kuma fara da abin da ake dafawa.

Kashin shanu na mayankar Oko-Oba ni'ima ce ga mai lambu a Agege, ga shi kusa. Masu cewa ɗanyensa ya fi ƙarfi suna da ɗan abin kamawa, domin ƙarfin har ƙona dashe yake yi. Yana kuma ɗauke da ƙwayoyin cuta da irin ciyawa, ruwan sama na fallatsa shi kan ganye. A Amurka, dokar noman da ba a sa takin zamani ta ce sai an bar kwana 120 tsakanin zuba ɗanyen taki da girbin abin da ke taɓa ƙasa, kwana 90 ga wanda ba ya taɓawa. Alayyafo kuwa wata guda ko ɗan fiye ake cire shi. Ke nan dole takin ya ruɓe tun kafin ya shiga lambu. A tara shi a tudu, a rufe da leda ko tsohon kwano don kada ruwa ya wanke amfaninsa, ana juyawa, har ya yi baƙi warin ya tafi. Kashin kaji mai haɗe da garin katako ya fi buƙatar haƙuri, don ɗanyen garin katako kan janye naitirojin daga ƙasa yayin da yake ruɓewa.

Toka na da gaskiyarta. Ƙasar kudu da ruwa ya daɗe yana wankewa takan yi tsami, tokar itace na rage shi, tana kuma da sinadarin fotash. Manoman kewayen Kano sun daɗe suna ɗibar toka da sharar birni a mangala bisa jakuna zuwa gona. Amma sharar wancan zamani kara ce da kashin awaki da tokar murhu. Tokar bola ta yau leda ce da roba da taya da batir da tarkacen waya, wasu da gubar dalma, wadda Zamfara ta nuna mana aikinta a jikin yara a 2010. Tokar murhu ko ta mai gashin tsire kawai, a barbaɗa kaɗan, kuma kada a haɗa ta da yuriya, don tana sa naitirojin ya tashi a iska.

Tana kuwa sharri ake mata. Fitowa take sama in ruwa ya cika raminta, ba ta cin saiwa mai rai, ramukanta ma hanyar ruwa da iska ne. Mai zuba mata gishiri ƙasarsa yake kashewa. In aka tuge shuka aka ga saiwar ta yi ƙulu-ƙulu, aikin wasu tsutsotsi ne da ido ba ya gani, maganinsu sauya abin da ake shukawa a wurin.

Matan da ke shuka a buhu da tsofaffin bokitai a tsakar gida, an gaya musu su jera duwatsu a ƙasa don ruwa ya wuce. Hajiya, ba ya wucewa. Ruwa kan tsaya cikin ƙasar da ke saman duwatsun, ya ƙara matsowa kusa da saiwa. Huda ce magani, a ƙasan buhun da gefensa, a ɗora shi kan bulo, a janye shi daga inda indararo ke zuba.

Saura masu cewa ƙasar Legas ba ta yin tumatir. Tana yi, lokaci ne ba nasa ba. Laimar Yuni na kawo cutar da ke kwantar da dashe tun a gadon reno, da masu ƙona ganye da busar da shuka, a daidai lokacin da tumatir ke tsada a kasuwar Mile 12 saboda na noman rani ya ƙare a Arewa, kwaɗayin shuka shi kuma ya taso. Lalo da ugu da kuɓewa da alayyafo sun fi jure wannan ruwa, muddin suna kan tudu. Wanda Yuni ya riske shi bai gyara ƙasa ba, kada ya yi kokawa da caɓi. Ya lulluɓe filin da busasshiyar ciyawa, ya yashe lambatu, ya rufe takinsa, ya jira sararin Agusta, lokacin da 'yan'uwa a Kano ke cikin marka, ya ɗaga tudunsa domin ruwan Satumba.