Azarar Giginya da Tsohuwar Majami'ar Wusasa

Majami'ar da aka gina da katako zalla ba ta daɗewa a ƙasar Hausa ko a kwarin Binuwai, domin gara tana cin itacen da ya taɓa ƙasa cikin 'yan shekaru, ga kuma gobarar rani. Wannan ne ya sa ɗakunan ibadar farko da 'yan mishan na SUM suka kakkafa a Ibi da Wukari bayan 1904 suka kasance na laka da jinkar ciyawa, kuma daga baya bulo da kwano ne suka gaje su. A ƙasar Norway, inda sanyi ya hana gara sakat, majami'ar katako ta Urnes tana tsaye tun wajen 1130, saboda an ɗora ginshiƙanta bisa dutse, ana kuma shafe su da kwaltar itace.

Itacen da ya yi ƙarko a Arewa shi ne wanda aka ɓoye cikin ƙasa. Majami'ar St. Bartholomew da ke Wusasa, wadda aka gina a 1929 lokacin da mishan na CMS ya tashi daga cikin birnin Zariya, inda Likita Walter Miller ya zauna tun 1905, magina Hausawa ne suka tayar da ita da tubali, wato curin ƙasa mai siffar ƙwai da ake shanyawa a rana. Ƙashin rufin irin wannan gini azara ce, tsagin gangar giginya, wadda taurinta ya sa gara ba ta cika samun galaba a kanta ba. Da yake azara ɗaya ba ta ɗaukar nauyi idan tazara ta wuce kimanin mita 2, magini yakan kafa ta a bango hawa-hawa, kowane sahu ya ɗan zarce na ƙasansa, a ɗaure da igiya, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama, sannan a yaɓe. Wannan shi ne bakan gizo, dabarar da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya kai ƙololuwa a Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19.

Raunin irin wannan gini shi ne ruwa, domin idan indararo ya toshe ko yaɓe ya tsage, danshi yakan kai ga azarar ya ruɓar da ita. Gyaran da ya dace shi ne sabunta yaɓe kafin kowace damina, kuma maginan da suka iya ɗaurin azara suna ƙaranci a Zariyar kanta.