Wanka A Kan Hanya: Jarka Ɗaya Ta Isa

Direban tirela kan yi kwanaki a layin Apapa, motarsa ce ɗakin kwanansa. Da yawansu na zuwa kantin magani da ƙaiƙayin matsematsi, saboda zufa da rashin wurin wanka.

Baƙar jarka mai lita 10 ta isa. A ajiye ta a rana ruwan ya yi ɗumi, a tanadi wani murfi a huhhuda shi da ƙusa, ya zama shawa. Kada a zuba ruwan wanka a jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi.

Bayan wanka a goge matsematsi da tsakanin yatsun ƙafa su bushe. Idan ƙaiƙayin ya kama, a shafa clotrimazole, a guji mai haɗin steroid, domin yana ƙara yaɗa cutar.

Uwargida, in maigida zai kama hanya, ki haɗa masa da tawul biyu.