Tsofaffin takardun Arewa sun shiga waya, saura na cikin gafaka

A da, ɗalibin da ke bin tarihin Ikara, Maƙarfi ko Kudan sai ya hau mota zuwa Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ko ya zarce Gidan Arewa a Kaduna. Yanzu wani ɓangaren aikin data kawai yake ci.

Tun 2004 Ɗakin Karatu na Birtaniya ke ba da tallafin ɗaukar hoton takardun da ke neman lalacewa, ana saka su a intanet kyauta, har da wasu daga ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna. Jami'ar Boston ta Amurka ta saka rubuce-rubucen ajamin Hausa. Mai neman taswira kuma ga rumbun David Rumsey, mai taswirori sama da 100,000.

Sai dai neman sai da dabara. Turawan ƙarni na 19, irin su Clapperton, "Zegzeg" suke rubuta Zazzau, don haka wanda ya tsaya kan rubutun yau zai iya tashi hannu rabbana. Ƙaramar hukumar Kudan ma ba za ta fito a tsohuwar taswira ba, domin sai 1996 aka yanke ta daga Maƙarfi.

Babban giɓin yana gida. Littattafan fiƙihu, waƙoƙin wa'azi da wasiƙun da malamai suka gada suna nan cikin gafaka, gara da yoyon damina na cin su. Shirin na Birtaniya ba ya raba mai takarda da takardarsa, hoto kawai ake ɗauka. Amma sai an samu mai binciken da ya nemi tallafin.