Shin Ko Kun San? Yadda Annoba Ta Garƙame Ƙofofin Fatakwal, Anacha da Inugu

Shin ko kun san akwai filin jirgin saman da aka ba da umarnin rufe shi alhali a rufe yake? Akwai kuwa, a Inugu! Ranar 21 ga Maris, 2020, gwamnatin tarayya ta hana jiragen ƙasashen waje sauka a filaye uku saboda korona: na Malam Aminu Kano, da na Fatakwal da ke Omagwa, da na Akanu Ibiam da ke Inugu. To, shi na Inugu tun 24 ga Agusta, 2019 yake a kulle, ana gyaran titin saukar jirage. Kulle a kan kulle ke nan! Bai buɗe ba sai 30 ga Agusta, 2020. Ku lissafa da kanku: shekara guda cur da kwana shida.

Kwana biyu kacal bayan wancan umarni, Legas da Abuja suka bi sahu. Ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, amma babu jirgin fasinja mai shiga ko fita, sai na gaggawa da na kwaso waɗanda suka maƙale a waje. Wata biyar da 'yan kwanaki aka yi a haka! Sai 5 ga Satumba aka buɗe, shi ma Legas da Abuja kawai. Fatakwal da Inugu kuwa sai da suka jira shekarar 2021: an tsayar wa Fatakwal 15 ga Afrilu, Inugu kuma 3 ga Mayu.

Wa abin ya fi taɓawa? Ku tuna da 'yan'uwanmu na Kurmi. 'Yan canji, mahauta, 'yan gwari, dillalan shanu, masu shayi, masu gadi, 'yan ci-rani. Ku leƙa Ama Hausa da kasuwar Gariki a Inugu. Ku leƙa wajen masallacin titin Bida a Anacha. Ku leƙa Oyigbo da Diyobu a Ribas. Mutanen da abincinsu yake kan hanya ne, ƙafa ɗaya a Kudu, ɗaya a Arewa, wasu ma har Kamaru da Gabon da Dubai. Kuma ba baƙin jiya ba ne. Kun san magajin garin Inugu na farko, a shekarun 1950, Malam Umaru Altine ne, mutumin ƙasar Sakkwato? Ku faɗa wa yaranku wannan!

Amma ku tsaya, ba sai an je ƙasar waje aka ga iyaka ba. A 2020 kowace jiha ta zama ƙasa mai cin gashin kanta. Ranar 26 ga Maris gwamna Nyesom Wike ya rufe iyakokin Ribas: ta ƙasa, ta ruwa, ta sama. A watan Afrilu aka kama matuƙa jirgi mai saukar ungulu guda biyu, aka kai su kotu, don sun sauko da fasinjoji Fatakwal. Matuƙa jirgi fa! A watan nan dai aka tsare ma'aikatan wani kamfanin mai su 22 da suka shigo daga Akwa Ibom, aka killace su. Ranar 10 ga Mayu kuma aka sa katafila ta rushe otal biyu a ƙaramar hukumar Eleme, saboda karya dokar kulle. Ba tara aka ci su ba. Rushewa aka yi!

Ga kuma wadda za ku daɗe kuna ba da labarinta. Gadar Anacha, wadda aka gama a 1965, mai tsawon kusan kilomita ɗaya da rabi, ita ce maƙogwaron Gabas. A watan Mayun 2020 sai ga ƙofar ƙarfe an kafa a bakinta ta ɓangaren Anambra. Ƙofa a kan gadar Neja, mai buɗewa da rufewa! Ba ta daɗe ba aka cire ta, amma waɗanda suka gani da idonsu ba za su manta ba.

Daga farkon Mayu zuwa 1 ga Yuli, tafiya tsakanin jihohi haramun ce a dokance, sai motocin abinci da kayan masarufi. Ku duba kalanda: azumi ya kama 24 ga Afrilu, ƙaramar Sallah ta faɗo 24 ga Mayu. Wato a tsakiyar kullen! Mutumin da bai taɓa yin Sallah nesa da iyayensa ba, a shekarar nan a Anacha ya yi ta, ta waya ya yi wa Inna barka da shan ruwa. A jihohin Gabas da na Kudu an yi ta tare tirelolin shanu da na abinci, ana samun mutane a ɓoye a ciki. Wannan abin tausayi ne ƙwarai. Babu mai kwanciya a tsakanin ƙafafun shanu na tsawon kwanaki sai wanda neman abinci ya koro.

Yanzu ku canki shekarun dokar da aka dogara da ita wajen kulle Legas da Ogun da Abuja ranar 30 ga Maris, 2020. Goma? Ashirin? Ina! Dokar killace masu cuta ce ta 1926, ta zamanin Turawan mulki. Shekararta 94 a lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan ƙa'idojin korona a ƙarƙashinta.

Kuma ba wannan ne karon farko da annoba ta shigo ta ƙofar baƙi ba. Ranar 14 ga Satumba, 1918, wani jirgin ruwa mai suna Bida ya tsaya a Legas daga ƙasar da ake kira Gana a yau, ɗauke da masu wata mura mai kisa. Cikin Oktoba ta bi kogin Neja ta isa Anacha. Layin dogon da aka shimfiɗa daga Fatakwal zuwa Inugu a 1916 don jigilar kwal, shi ma ya zama mata hanya. Masana tarihi sun ƙiyasta ta kashe kusan mutum 500,000 a Najeriya, lokacin da jama'ar ƙasar ba su wuce miliyan 18 ba. Innalillahi! Ga abin mamakin kuma: masanin tarihi Don Ohadike ya nuna cewa wannan mura na cikin abin da ya yaɗa noman rogo a yankin. Doya tana son ƙarti majiya ƙarfi, su kuma sun faɗi. Rogo ba ya son wahala da yawa. Ashe garin kwakin da ake jiƙawa a Anacha yana da alaƙa da annobar 1918!

Mutanen Fatakwal kuwa suna da nasu labarin na 2014. Ebola ta sauka Legas ranar 20 ga Yuli a jikin Patrick Sawyer daga Laberiya, Dakta Stella Adadevoh ta hana shi fita daga asibiti, ta rasa ranta a kan haka. Sai wani da ake sa wa ido ya sulale ya hau jirgi zuwa Fatakwal, likita ya yi masa magani a ɗakin otal a asirce. Shi ya warke, likitan ya rasu ranar 22 ga Agusta. Mutum ɗaya, tikiti ɗaya! Ma'aikatan lafiya suka bi sawun mutum kusan 900 a Legas da Fatakwal, suka kai ziyarar gida-gida kusan 18,500. Ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Najeriya ta rabu da cutar: mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu. A shekarar Saudiyya ta hana maniyyatan Gini da Laberiya da Saliyo, amma namu sun sauke farali.

Tun da an zo maganar Hajji, ku riƙe numfashinku. Ranar 27 ga Fabrairu, 2020 aka tabbatar da mai korona na farko a Najeriya, wani ɗan Italiya. A ranar nan ce kuma Saudiyya ta dakatar da shigar masu Umara daga waje. Rana ɗaya! A 2019 kusan mutum miliyan biyu da rabi ne suka tsaya a Arfa. A 2020 ba su haura 10,000 ba, dukkansu mazauna Saudiyya. Tsakuwar jifa sai da aka tsaftace ta aka zuba a 'yan jakunkuna. Zamzam a kwalba. Taɓa Ka'aba, babu. A 2021 aka ƙayyade 60,000, nan ma na cikin gida. Shekara biyu a jere babu jirgin alhazai ko ɗaya da ya tashi daga Najeriya! Da aka buɗe a 2022, kujera 43,008 aka ba mu maimakon 95,000 da aka saba, kuma wanda ya haura shekara 65 aka ce ya dakata. Ku tuna dattijon da ya shekara ashirin yana tara kuɗin kujera daga cinikin albasa a bakin gadar Anacha. Allah Ya ba su ladan niyya.

Kun san an taɓa hana mu tun kafin korona? A 1996 sanƙarau ya kama sama da mutum 100,000 a Najeriya, ya kashe sama da 11,000, Saudiyya ta rufe wa maniyyatanmu ƙofa. Har gobe allurar sanƙarau sharaɗi ce ga maniyyaci, kuma a yi ta aƙalla kwana 10 kafin isa. Shekaru da dama kuma, da alhajin Najeriya ya sauka, sai an ɗiga masa maganin shan-inna a baki, ko da tsoho ne mai furfura. Ranar 25 ga Agusta, 2020, ana tsakiyar korona, aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta asali.

Shi kansa wannan tsari na hana shiga da fita ba baƙo ba ne a wurinmu. Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, yana kan hanyar Sham ya ji labarin annoba, ya yi shawara da sahabbai, Abdurrahman bin Auf ya sanar da shi koyarwar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta hana shiga garin annoba da hana gudu daga cikinsa. Nan take ya juya Madina. Fiye da shekara 1,300 ke nan!

Mu dawo zamaninmu, ku ji tsada. Ranar 6 ga Disamba, 2021, Birtaniya ta saka Najeriya a jan layi saboda nau'in korona na Omikron. Wanda aka yarda ya shiga, sai ya kwana 10 a killace a otal, ya biya fam 2,285 daga aljihunsa. Ya haura Naira miliyan ɗaya a canjin lokacin! Kwana nawa dokar ta yi? Tara. Ranar 15 ga wata aka soke ta. Kanada da Saudiyya su ma sun rufe mana ƙofa a 'yan kwanakin.

Mu ma ba mu yi sako-sako ba. Da aka buɗe filayen jirgi a 2020, mai dawowa gida sai ya nuna gwajin da bai wuce awa 96 ba, ya cike bayanansa a shafin intanet na gwamnati, ya biya kuɗin gwaji na biyu, ya killace kansa kwana 7. Waɗanda suka tsallake gwaji na biyu fa? A farkon 2021 aka wallafa lambobin fasfo 100, aka hana masu su tafiya na wata shida. Sai 12 ga Disamba, 2022 aka janye sharuɗɗan gaba ɗaya.

'Yan kasuwar Anacha masu saro kaya daga Sin sun ga ta kansu. A Afrilun 2020 aka kori 'yan Afirka da dama daga gidajen haya da otal-otal a birnin Guangzhou, har shugaban majalisar wakilai na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya kira jakadan Sin ya nuna masa ɓacin ran Najeriya. Sin ba ta daina killace masu shigowa ba sai 8 ga Janairu, 2023. Kusan shekara uku!

Ga wata kuma. Allurar korona ta farko da ta iso Abuja ranar 2 ga Maris, 2021, kusan miliyan 4, ta AstraZeneca ce da aka yi a Indiya. Da Tarayyar Turai ta fito da takardar shaidar tafiya a watan Yuli, sai aka ga ta Indiya ba ta cikin jerin da hukumar magungunansu ta amince da shi. Magani ɗaya, masana'anta daban! Daga baya ƙasashen suka riƙa karɓarta ɗaya bayan ɗaya.

Korona ta lafa, amma kati ɗaya yana nan daram: katin shawara, mai ruwan ɗorawa. Kun san daga ina allurar ta samo asali? Daga jinin wani mutumin Gana mai suna Asibi! A 1927 ya kamu da shawara, masu bincike da ke da cibiya a Yaba ta Legas suka ɗibi jininsa, shi kuma ya warke. Daga ƙwayar da aka samu a jininsa wani masani mai suna Max Theiler ya samar da allurar a 1937, ya ci kyautar Nobel a 1951. Allurar da ake yi wa miliyoyin mutane a yau, tsatsonta daga jinin Asibi yake. Ikon Allah!

Kada ku raina katin nan. A Maris 2012 Afirka ta Kudu ta juyo da 'yan Najeriya 125 daga filin jirgi, ta ce katunansu na jabu ne. Najeriya ta rama, ta juya nasu. Cikin mako guda Afirka ta Kudu ta nemi afuwa. Rikicin ƙasa da ƙasa a kan ɗan kati!

Ga albishir: tun 11 ga Yuli, 2016, allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, babu sabuntawa bayan shekara 10 kamar da. Sai dai katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar. Gana da Kamaru da Gabon duk suna tambayarsa. Mai neman bizar zama a Birtaniya fiye da wata shida kuma sai ya ƙara da takardar gwajin tarin fuka daga asibitin da suka amince da shi, ita kuma wata shida take aiki.

Don haka, ɗan'uwa na Oyigbo, da kai na Gariki, da ke Hajiya mai shirin Umara daga Anacha: kada ku sayi kati a hannun ɗan kamasho ba tare da allura ba. Ku je ofishin jami'an lafiya na tashoshin shiga da fita, a yi muku allurar, a ba ku katin gaske, kwana 10 ko fiye kafin ranar tafiya. Ku kuma kai wa na kusa da ku wannan labari a majalisar yamma.