Masu aikin gwajin magani: wace takarda ke shaidar gwanintarsu?

A shekara ta 2014 ne aka fara wani babban gwaji a gundumar Madarunfa, cikin jihar Maraɗi, inda cibiyar bincike ta Epicentre, reshen ƙungiyar likitoci ta MSF, ta jarraba ɗigon rigakafin zawo mai suna Rotasiil a kan jarirai fiye da 3,500. Sakamakon da ya fito a 2017 ya nuna maganin ya rage zawo mai tsanani na ƙwayar rotabirus da kusan kashi 67 cikin ɗari, kuma a 2018 hukumar lafiya ta duniya OMS ta amince da shi. A wannan shekarar ce kuma aka bayyana sakamakon gwajin MORDOR, wanda ya nuna cewa raba wa yara maganin azitromisin sau 2 a shekara ya rage mace-macensu da kashi 18 cikin ɗari a jihar Doso.

Sunayen manyan masana ne ke fitowa a mujallu. Amma masu auna jariri, da masu ajiyar magani, da masu bin gida gida, da masu shigar da alƙalumma a kwamfuta, su ne ke ɗauke da nauyin aikin kullum. To, wa ya horar da su, kuma wa ke shaida cewa sun iya?

Mai karatu kada ya ɗauka wannan aiki ɗaya ne da na gidan likita da aka saba. A wurin gwaji ƙuri'a ce ke zaɓen yaron da za a ba maganin da wanda za a ba wani abu mai kama da shi amma babu sinadarin a ciki, kuma sau da yawa ma'aikacin da kansa bai san wanne ya bayar ba. In yaro ya kwanta asibiti ko ya rasu, ko da ba a zaton maganin ne sanadi, dole a sanar da masu gwajin nan take, galibi cikin awa 24. In aka yi kuskure a rubutu ba a gogewa, ba a shafewa: layi ɗaya ake ja a kai yadda za a iya karanta na farko, a rubuta daidai a gefe, a sa hannu da kwanan wata. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa gardama da abokin ciniki a kan littafin bashi ya san hikimar wannan ƙa'ida.

Dalilin wannan tsanani ba nesa yake da mu ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano cikin gwajin da ya haɗa yara 200, kuma 11 daga cikinsu suka rasu. Iyaye sun ce ba a nemi yardarsu ba, kamfanin ya musanta, aka yi ta shari'a har 2009, sa'ad da aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. A cikin wannan shekara ta 1996 ɗin ce hukumomin magani na Turai da Amurka da Japan suka daidaita a kan kundin ƙa'idojin gwaji nagari, wanda a Faransanci ake taƙaita sunansa da BPC. An gyara shi a 2016, aka sake sabunta shi a 2025.

A nan ne ake yawan rikita takardu iri biyu. Ta farko ita ce shaidar horo a kan BPC. Ana samun ta ta intanet cikin ƴan awoyi, har kyauta, alal misali a dandalin The Global Health Network na jami'ar Oksfod ko a shirin TRREE, dukkansu kuwa suna da darussa da Faransanci. Tun 2017 hukumar binciken lafiya ta Amurka NIH ta wajabta wannan horo ga masu aiki a gwajin da take biya, tare da sabunta shi duk shekara 3. Takarda ce mai amfani, amma iyakar abin da take cewa shi ne mai ita ya karanta ƙa'idoji ya ci ƴar jarrabawa.

Ta biyu ita ce shaidar sana'a, kuma ba a samun ta da sauƙi. Ƙungiyar ACRP, wadda aka kafa a Amurka a 1976, tana neman mutum ya tara awa 3,000 na aikin gwaji kafin ya zauna jarrabawarta, sannan ya sabunta takardar duk shekara 2. Ita kuwa SOCRA, wadda aka kafa a 1991, aikin shekara 2 take nema ga wanda ba shi da wani diflom na fannin, takardarta kuma shekara 3 take yi. A Faransa hanyar ta jami'a ce: akwai diflom na haɗin gwiwar jami'o'i da ke horar da mai sa ido kan gwaji, wato ARC, da mai kula da bayanan majinyata, wato TEC.

Duk wannan da kyau, sai dai ba don ma'aikacin Madarunfa aka ɗinka rigar ba. Jarrabawar Amurka da Ingilishi ake yin ta, da dala ake biya, wani sashe na tambayoyin SOCRA ma a kan dokokin Amurka ne. Diflom ɗin Faransa kuwa yana son kuɗin rajista da lokacin da mai aikin kwantaragi ba kasafai yake da su ba. Shi ya sa mutum zai iya shafe shekaru yana aikin da duniya ta yi na'am da sakamakonsa, gwaji ya ƙare, ya koma neman aiki da takardar da ya samu a yini guda.

A ganinmu akwai gibin da ya fi wannan girma. Ƙa'idojin BPC sun ce in mahaifiya ba ta iya karatu ba, a karanta mata bayanin gaban shaida wanda ba ya cikin masu gwajin, sannan ta sa hannu ko ta dangwala yatsa. Amma yaya ake faɗa mata da Hausa ko Zabarmanci cewa mai yiwuwa abin da za a ɗiga wa ɗanta ba magani ba ne? Yaya za ta gaskata cewa tana da ikon ƙi, ko ta janye gobe, ba tare da an daina duba yaron ba, alhali mai tambayar sanye yake da farar riga, maigari kuma ya riga ya yi maraba da baƙin? Jarrabawar zaɓen amsa a kwamfuta ba ta auna wannan gwaninta, ita ce kuwa aka yi shekara 13 ana taƙaddama a kanta a Kano.

Kayan aikin dai muna da su: sashen koyon likitanci na jami'ar Abdu Mumuni da cibiyar CERMES a Yamai, jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da cibiyar Epicentre a Maraɗi, ga kuma kwamitin ƙasa mai duba halaccin binciken lafiya. Abin da muke so mu gani daga gare su shi ne diflom da zai lissafa shekarun da mutum ya yi a fagen aiki, wanda ma'aikatar ƙwadago za ta san matsayinsa a jerin muƙamai, kuma a cikin jarrabawarsa a zaunar da ɗalibi gaban mace mai goyo, malamai na saurare, ya nemi yardarta da harshenta.